Haƙƙin ɗan Adam da diyaucin ƙasa a dokokin ƙasa da ƙasa: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗaliban shari'a, 'yan jarida da masu bibiyar labaran duniya suke yawan maimaitawa a duk lokacin da wata gwamnati ta ce a daina yi mata katsalandan, ko kuma wata kotu ta waje ta yanke hukunci a kan abin da ya faru a cikin gida. An sa musu lamba domin mai karatu ya iya komawa ga amsar da aka yi masa nuni da ita.

1. Mene ne diyaucin ƙasa?

Diyaucin ƙasa shi ne cikakken ikon da ƙasa take da shi na gudanar da al'amuranta a cikin iyakokinta, ba tare da wata hukuma ta waje tana bisa kanta ba. A cikin gida, ƙasa ce take kafa doka, ta karɓi haraji, ta hukunta mai laifi. A waje kuwa, ƙasashe daidai suke a idon doka, wato ƙuri'ar Gambiya a Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaya ce, kamar yadda ta Sin take ɗaya. Masana sukan danganta tushen wannan tsari da sulhun Westphalia na shekarar 1648, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, amma inda ya samu gindin zama sosai shi ne Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, wanda sashe na 2 nasa ya tabbatar da daidaiton ƙasashe, ya haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, ya kuma hana Majalisar kanta tsoma baki cikin abin da yake na cikin gida ne zalla.

Ga al'ummomin da suka ɗanɗani mulkin mallaka, wannan ƙa'ida tana da daraja ta musamman, domin ita ce garkuwar mai rauni a gaban mai ƙarfi. Duk wanda zai yi magana a kan haƙƙin ɗan Adam bai kamata ya raina ta ba.

2. Yaushe haƙƙin ɗan Adam ya zama batun dokokin ƙasa da ƙasa?

Kafin yaƙin duniya na biyu, yadda gwamnati take mu'amala da talakawanta harkarta ce, in banda 'yan yarjejeniyoyi kan cinikin bayi, ƙwadago da kare tsiraru. Ta'asar da gwamnatin Nazi ta yi wa mutanen da suke ƙarƙashin ikonta, tana kuma fakewa da dokokin da ita ta kafa, ita ce ta sauya tunanin duniya. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya mutunta haƙƙin ɗan Adam cikin manufofinsa, sannan a ranar 10 ga Disamba 1948 Babban Zaure ya amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya a birnin Paris, inda ƙasashe 48 suka goyi baya, takwas suka ƙaurace, babu wadda ta jefa ƙuri'ar adawa.

Sanarwar ba yarjejeniya ba ce mai ɗaure ƙasa. Saboda haka aka zuba abin da ke cikinta a manyan yarjejeniyoyi biyu na 1966, ɗaya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa, ɗaya kan na tattalin arziki, zamantakewa da al'adu, waɗanda suka fara aiki a 1976. Nijar ta shiga cikinsu a 1986, Najeriya kuma a 1993. Daga baya aka samu wasu, irin su yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 da ta haƙƙin yara ta 1989.

3. Shin waɗannan abubuwa biyu ba karo suke yi da juna ba?

Sau da yawa sukan yi karo a fagen siyasa, amma a fagen doka akwai igiyar da ta haɗa su, wato yardar ƙasa. Babu wanda yake tilasta wa ƙasa ta shiga yarjejeniya. Tun a 1923 kotun duniya ta wancan zamani ta bayyana, a shari'ar jirgin ruwan Wimbledon, cewa ikon ɗaukar alkawari a tsakanin ƙasashe wani ɓangare ne na diyauci, saboda haka ƙasar da ta ɗaure kanta da alkawari tana amfani da ikonta ne. Da zarar ta ɗauka kuwa, alkawari kaya ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ta ce a sashe na 26 dole ne a cika alkawari da kyakkyawar niyya, sashe na 27 kuma ya hana ƙasa kafa hujja da dokarta ta cikin gida don kauce wa cikawa.

Akwai kuma wata hujja da ta fi wannan zurfi. Kusan kowane kundin tsarin mulki na zamani, ciki har da na Najeriya na 1999 a sashe na 14, yana cewa ikon mulki na jama'a ne, kuma daga gare su gwamnati take samunsa. Idan haka ne, mulki amana ce a hannun masu riƙe da shi, kuma yana da wuya a fahimci yadda mai riƙon amana zai ɗauki ikon da aka ba shi ya mai da shi hujjar cutar da masu amanar.

4. Idan gwamnati ta ce batun "harkar cikin gida" ne, tana da gaskiya?

A kan abubuwa da dama tana da gaskiya, kamar tsarin haraji, irin tsarin mulkin da za a bi, ko manufar tattalin arziki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma iyakar abin da ake kira harkar cikin gida tana raguwa gwargwadon alkawuran da ƙasa ta ɗauka, kamar yadda amsa ta 3 ta nuna, kuma ƙasashen Afirka da Asiya ne suka fi kowa rawar gani wajen tabbatar da haka. Tun a 1946 Indiya ta kai kukan yadda ake wulaƙanta 'yan asalinta a Afirka ta Kudu gaban Babban Zaure, gwamnatin Pretoria kuwa ta kafe a kan cewa wannan harkarta ce ta cikin gida. Shekara da shekaru tana maimaita wannan hujja, har bayan kisan Sharpeville na 1960, duniya kuma tana ƙara ƙin karɓa, har Kwamitin Sulhu ya kafa mata takunkumin makamai na dole a 1977. Najeriya ta daɗe tana shugabantar kwamitin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata. A taron Biyana na 1993 kuma ƙasashe suka amince baki ɗaya cewa kare haƙƙin ɗan Adam halastaccen abin damuwa ne ga duniya duka.

Ya kamata a bambanta suka da katsalandan. A shari'ar Nikaragua da Amurka a 1986, Kotun Duniya ta bayyana cewa shisshigin da doka ta haramta shi ne wanda ya ƙunshi tilastawa, kamar ba 'yan tawaye makamai domin kifar da gwamnati. Fitar da rahoto, yin tir da kisan masu zanga-zanga, ko yi wa ƙasa tambayoyi a Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Janeba, inda ake bitar kowace ƙasa bi da bi tun daga 2008, duk ba su kai ga haka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

5. Yarjejeniyar da gwamnati ta amince da ita tana zama doka a kotunan gida kai tsaye?

Ya danganta da tsarin ƙasar. A Najeriya, sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce babu yarjejeniyar da za ta samu ƙarfin doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. An yi wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi haka a 1983, shi ya sa lauya zai iya miƙewa a babbar kotu a Kano ko Kaduna ya kafa hujja da ita. A shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a shekarar 2000, an tabbatar da cewa yarjejeniyar ta zama dokar Najeriya mai nauyi na musamman, sai dai tana ƙasa da kundin tsarin mulki. Dokar haƙƙin yara ta 2003 kuwa sai da kowace jiha ta amince da tata kafin ta yi aiki a cikinta, abin da ya ɗauki shekaru masu yawa a jihohin Arewa.

Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ciki har da Nijar a ƙarƙashin tsohon kundin tsarin mulkinta na 2010, sun bi wata hanya dabam, inda yarjejeniyar da aka amince da ita aka kuma wallafa take hawa sama da dokokin majalisa. A kowane tsari dai, ƙasar tana nan ɗaure da alkawarinta a idon sauran ƙasashe, ko ta mai da shi doka a gida ko ba ta mayar ba.

6. Ƙasa tana iya ƙin wani sashe saboda addini ko al'ada?

Tana iya yi. A lokacin shiga yarjejeniya, ƙasa tana da damar yin togaciya a kan wasu sassa, muddin yarjejeniyar ba ta hana ba kuma togaciyar ba ta rushe ainihin manufarta ba. Nijar ta yi irin wannan a kan wasu sassan yarjejeniyar kawar da nuna bambanci ga mata lokacin da ta shiga a 1999, haka ma ƙasashen Musulmi da dama, yayin da Najeriya ta amince da ita a 1985 ba tare da togaciya ba. Ƙasashen Yamma ma suna yi. Amurka ta shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin siyasa a 1992 da tarin sharuɗɗa, kuma har yanzu ba ta kammala amincewa da ta haƙƙin yara ba.

Muhawara kan aure, gado da tarbiyyar yara muhawara ce ta gaskiya, kuma al'ummomi suna da haƙƙin a saurare su a cikinta. Abin lura shi ne mafi yawan koke-koken da ake kaiwa gaban kotuna ba su shafi wannan fage ba. Tsare mutum shekara uku babu shari'a, dukansa a ofishin 'yan sanda har ya amsa laifin da bai yi ba, ko ɓatar da shi iyalinsa su rasa inda yake, babu addini ko al'adar da ta halatta su, kuma gwamnatin da ta fake da al'ada a irin wannan wuri ta zalunci al'adar ita ma.

7. Akwai haƙƙoƙin da ba a taɓawa ko da ƙasa ba ta sa hannu a komai ba, ko tana cikin yaƙi?

Akwai. Sashe na 53 na yarjejeniyar Biyana ya amince da wasu ƙa'idoji da babu ƙasar da za ta iya yin yarjejeniyar da ta saɓa musu, kuma an yi ittifaƙi cewa haramcin kisan ƙare dangi, bauta, azabtarwa da wariyar launin fata suna cikinsu. A 1970 Kotun Duniya ta ƙara da cewa irin waɗannan wajibai ana bin kowace ƙasa bashinsu ne a madadin duniya baki ɗaya, abin da za a ga amfaninsa a amsa ta 10.

Game da dokar ta-ɓaci, sashe na 4 na yarjejeniyar haƙƙoƙin siyasa ya ba ƙasa damar dakatar da wasu haƙƙoƙi idan rayuwar al'umma tana cikin haɗari, da sharaɗin a sanar da hakan a hukumance kuma kada a wuce gwargwadon buƙata. Ana iya kafa dokar hana fita ko hana taro. Kisan gilla, azabtarwa, bautarwa da tauye 'yancin addini a zuci kuwa ba sa halatta ko a tsakiyar yaƙi da 'yan ta'adda.

8. Talaka zai iya kai ƙarar gwamnatinsa a kotun da take wajen ƙasarsa?

A wasu wurare zai iya, kuma yammacin Afirka yana cikin wuraren da ƙofar ta fi faɗi. Tun daga 2005 kotun ECOWAS da ke Abuja take karɓar ƙarar take haƙƙi daga mutum ɗaya, ba tare da ta buƙaci sai ya gama bin matakan kotunan ƙasarsa ba, alhali kuwa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul da kotun Afirka da ke Arusha duka suna gindaya wannan sharaɗi.

Shari'ar da ta fi nuna ma'anar wannan ita ce ta Hadijatou Mani, 'yar yankin Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. A 1996, tana da kimanin shekara 12, aka sayar da ita kan kuɗi sefa 240,000 ga wani mutum da ya riƙe ta a matsayin wahaya, wato baiwar da ake mayarwa ƙwarƙwara, tana aikin gida da na gona, yana kuma kwana da ita ba da yardarta ba. A 2005 ya ba ta takardar 'yantawa, amma da ta tafi ta auri wanda take so, sai ya yi iƙirarin cewa matarsa ce, har kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida bisa laifin aure kan aure. Wannan ya faru ne bayan Nijar ta riga ta sanya bauta cikin manyan laifuka a 2003. Da taimakon ƙungiyar Timidria da wasu lauyoyi ta kai ƙara kotun ECOWAS, kotun ta taso ta zauna a Yamai, ta saurari Hadijatou da bakinta, sannan a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke hukunci cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Gwamnati ta karɓi hukuncin ta biya.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne ba jami'in gwamnati ne ya bautar da ita ba. Laifin ƙasa shi ne alƙalanta da hukumominta sun ga bauta ƙiri-ƙiri suka kau da kai. Nauyin da ke kan ƙasa ya haɗa da kame hannunta daga zalunci da kuma hana wani ya yi.

9. Idan gwamnati ta ƙi bin hukuncin fa?

Nan ne raunin tsarin yake, kuma babu amfanin ɓoye shi. Kotunan ƙasa da ƙasa ba su da 'yan sanda na kansu da za su tilasta wa gwamnati. A 2016 kotun ECOWAS ta ba da umarnin sakin Kanar Sambo Dasuki, amma bai fito ba sai a Disamban 2019. A Disamban 2023 ta ba da umarnin sakin hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum, hukumomin soja ba su aiwatar ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Najeriya ta miƙa yankin Bakassi ga Kamaru a 2008 bisa hukuncin Kotun Duniya na 2002, duk da zafin da hakan ya yi wa 'yan ƙasa da yawa.

Hukuncin da aka ƙi bi ma ba ya tashi a banza. Yakan zama tabbataccen tarihi cewa an yi zalunci, lauyoyi su kafa hujja da shi a kotunan gida, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta tarar da shi yana jiranta.

10. Mene ne bambancin Kotun Duniya da Kotun Hukunta Manyan Laifuka?

Dukansu suna birnin Hague na ƙasar Holan, shi ya sa ake yawan rikita su. Kotun Duniya reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai alƙalai 15, kuma ƙasa ce kawai take ƙarar ƙasa a gabanta, da sharaɗin dukansu sun yarda da huruminta. A nan ne Gambiya ta kai ƙarar Myanmar a 2019 kan kisan Musulmin Rohingya, kuma a 2022 kotun ta tabbatar da cewa Gambiya tana da ikon shigar da ƙarar duk da cewa ba 'yan ƙasarta aka kashe ba, saboda ƙa'idar da aka ambata a amsa ta 7. Ta wannan ƙofa Afirka ta Kudu ta bi ta kai ƙarar Isra'ila kan Gaza a Disamban 2023.

Kotun Hukunta Manyan Laifuka kuwa ɗaiɗaikun mutane take tuhuma, ba ƙasashe ba. An kafa ta da yarjejeniyar Rum ta 1998, ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli 2002, kuma an gina ta a kan mutunta diyauci, domin ba ta shiga shari'a sai idan ƙasar da abin ya shafa ta ƙi ko ta kasa yin bincike na gaskiya. A Disamban 2020 mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta bayyana cewa akwai dalilin yarda cewa an aikata manyan laifuka a rikicin arewa maso gabashin Najeriya, daga ɓangaren Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaro. Hanya mafi sauƙi ta hana kotun shiga irin wannan batu ita ce kotunan gida su yi aikin da kansu.

11. Shugaban ƙasa yana da rigar kariya daga tuhuma?

A gaban kotun wata ƙasa, shugaba mai ci yana da ita cikakkiya. Kotun Duniya ta tabbatar da haka a 2002 lokacin da ta ce Beljiyam ta saɓa doka da ta fitar da sammacin kama ministan harkokin wajen Kongo yana kan muƙaminsa. Bayan sauka daga mulki rigar takan yi sirara. An kama tsohon shugaban Chile, Augusto Pinochet, a Landan a 1998 bisa buƙatar Sifaniya, kuma a 1999 manyan alƙalan Birtaniya suka ce ba shi da kariya daga tuhumar azabtarwa, ko da yake an mai da shi gida a 2000 saboda rashin lafiya.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990 sannan ya gudu Senegal. Waɗanda suka fito da rai daga gidajen yarinsa sun shafe fiye da shekara ashirin suna bin sawun shari'ar, daga Dakar zuwa Brussels zuwa Hague, har Kotun Duniya ta umarci Senegal a 2012 da ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa ta yanke masa ɗaurin rai da rai a ranar 30 ga Mayu 2016. Alƙalan Afirka ne suka yi wannan shari'a a ƙasar Afirka, bisa nacin talakawan Chadi.

A gaban Kotun Hukunta Manyan Laifuka, sashe na 27 na yarjejeniyar Rum ya ce muƙami ba ya kare kowa. Taƙaddamar tana kan shugabannin ƙasashen da ba su shiga yarjejeniyar ba. Omar al-Bashir na Sudan ya halarci taro a Abuja a 2013 da Johannesburg a 2015 da sammaci a kansa, ba a kama shi ba, kuma wannan gardama ta dawo bayan fitar da sammaci a kan Vladimir Putin a 2023 da Benjamin Netanyahu a 2024.

12. Ana iya aika soja cikin wata ƙasa domin ceton jama'arta?

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya bar ƙofa biyu ne kawai ga amfani da ƙarfi: kare kai bisa sashe na 51, da izinin Kwamitin Sulhu bisa babi na bakwai. Sai kuma idan gwamnatin ƙasar ce da kanta ta gayyato. Shekarun 1990 sun jarraba wannan tsari ta ɓangarori biyu. A Ruwanda a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, Kwamitin Sulhu kuma ya rage dakarunsa a lokacin da ake tsakiyar kisan. A Kosobo a 1999 ƙungiyar NATO ta yi ruwan bama-bamai ba tare da izinin kwamitin ba.

Daga nan aka samu abin da ake kira alhakin ba da kariya, wanda tunanin masanin nan ɗan Sudan, Francis Deng, cewa diyauci nauyi ne, ya share wa fage. A taron ƙoli na 2005 shugabannin duniya suka amince cewa kowace ƙasa ce take da alhakin farko na kare jama'arta daga laifuka huɗu, wato kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, kawar da wata ƙabila daga yankinta, da cin zarafin bil'adama. Sauran ƙasashe za su taimaka mata, idan kuma ta gaza a fili, sai a ɗauki mataki ta hanyar Kwamitin Sulhu. Wannan bai ba kowace ƙasa lasisin kai hari da ra'ayin kanta ba, kuma mafi yawan ƙasashe ba su yarda akwai irin wannan lasisi ba.

13. Me ya faru a Libiya da ya sa ake shakkar wannan ƙa'ida?

A ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, wanda ya ba da izinin ɗaukar matakan kare fararen hula. Ƙasashe goma suka goyi baya, ciki har da Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon, biyar suka ƙaurace. Aikin da aka fara da sunan kare mutanen Bengazi ya ƙare da kifar da gwamnati da kashe Mu'ammar Gaddafi a watan Oktoba, aka kuma yi watsi da shirin sulhu na Tarayyar Afirka. Makaman da suka fito daga rumbunan Libiya sun kwarara zuwa yankin Sahel, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012, kuma mutanen yankin suna biyan kuɗin wannan har yau.

Rasha da Sin sun ce an yaudare su, suka kuma yi ta hawa kujerar na-ƙi a kan ƙudurorin Siriya. Masu cewa ana nuna son kai suna da hujja mai ƙarfi, domin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin suna iya kare kansu da ƙawayensu, kamar yadda Amurka take yi wa Isra'ila, kuma mamayar Iraƙi a 2003 ta gudana ba tare da izinin kwamitin ba. Sai dai wanda aka azabtar a kurkukun ƙasarsa ba ya samun sauƙi don an gaya masa cewa manyan ƙasashe ma suna zalunci. Abin nema shi ne dokar ta hau kan kowa.

14. Mene ne matsayin Tarayyar Afirka?

Tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1963 ta riƙe ƙa'idar rashin tsoma baki da ƙarfi, har Idi Amin ya shugabance ta a 1975 yana tsakiyar kashe mutanen Uganda. Kundin Tarayyar Afirka na shekarar 2000 ya sauya alƙibla, inda sashe na 4 ya ba Tarayyar ikon shiga ƙasa mamba idan ana kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi ko cin zarafin bil'adama, shekara biyar kafin matsayar da aka ambata a amsa ta 12. A 2015 an yi yunƙurin tura dakaru 5,000 zuwa Burundi, gwamnatin ƙasar ta ce za ta ɗauke su a matsayin 'yan mamaya, shugabannin Afirka kuma suka janye a farkon 2016.

15. Takunkumi ya halatta a matsayin hanyar kare haƙƙin ɗan Adam?

Takunkumin da Kwamitin Sulhu ya kafa bisa sashe na 41 wajibi ne a kan dukan ƙasashe. Wanda ƙasa ɗaya ko ƙungiyar yanki ta kafa kuwa ana taƙaddama a kan iyakarsa. Wahalar da talakawan Iraƙi suka sha a shekarun 1990 ce ta sa aka koma ga takunkumin da yake nufar mutane ƙayyadaddu, kamar hana su tafiya da rufe asusunsu.

Mutanen kan iyakar Najeriya da Nijar sun ga bambancin da idonsu bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, lokacin da ECOWAS ta kafa wa ƙasar takunkumi. An rufe iyaka, an yanke wutar lantarkin da Najeriya take ba Nijar, manyan motoci suka yi jerin gwano a mashigar Malanville da Gaya da ke kan iyakar Benin da Nijar, farashin shinkafa da magani ya tashi, fatake tsakanin Jibiya da Maradi ko Illela da Ƙonni suka rasa abin yi, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da ya cimma abin da aka kafa shi dominsa ba. Matakin da aka ce na kare jama'a ne, idan ya hana mara lafiya magani, shi ma sai an auna shi da ma'aunin haƙƙin ɗan Adam.

16. Ƙasa tana iya ficewa daga waɗannan yarjejeniyoyi?

Daga wasu tana iya fita, daga wasu kuma babu ƙofa. Yarjejeniyar haƙƙoƙin siyasa ta 1966 ba ta tanadi ficewa ba, kuma da Koriya ta Arewa ta nemi fita a 1997, an sanar da ita cewa hakan ba zai yiwu ba sai dukan sauran ƙasashe sun yarda. Yarjejeniyar Rum tana ba da damar fita bayan sanarwar shekara ɗaya, amma kotun tana riƙe da hurumi a kan abin da aka aikata lokacin da ƙasar take ciki. Burundi ta fita a 2017, Filifins a 2019, duk da haka an kama tsohon shugaban Filifins Rodrigo Duterte aka kai shi Hague a Maris 2025. Ƙa'idojin da aka yi bayani a amsa ta 7 kuwa suna nan a kan kowace ƙasa, ko tana cikin yarjejeniya ko ba ta ciki.

Wanda ficewa take shafa kai tsaye shi ne ɗan ƙasa mai neman inda zai kai kuka. Ruwanda, Tanzaniya, Benin da Kwaddebuwa sun janye amincewar da ta ba mutanensu damar shigar da ƙara kai tsaye a kotun Afirka ta Arusha, Najeriya kuwa ba ta taɓa ba da wannan amincewa ba. Da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairu 2025, hanyar da Hadijatou Mani ta bi zuwa kotun Abuja, wadda aka yi bayani a amsa ta 8, ta rufe ga sababbin ƙararrakin da za su taso daga waɗannan ƙasashe. Abin da ya rage wa mutanensu shi ne kotunan gida da kuma cibiyoyin Tarayyar Afirka, waɗanda ba sa karɓar ƙara sai an nuna an bi matakan shari'a na cikin gida har ƙarshe, ko kuma an tabbatar da cewa matakan ba sa aiki.